Yadda Ake Tsara Zaman Marubucin Wasan Kwaikwayo a Jami'a Har Aikinsa Ya Kai Ƙauye

Zaman marubuci shi ne jami'a ta gayyato wanda ya ƙware a rubuta wasan kwaikwayo, ta ba shi masauki da alawus da ɗalibai na wasu makonni, shi kuma ya fitar da sabon wasa kafin ya tafi. Idan a ɗaki zai zauna ya rubuta abin da ke kansa, shirin ba shi da wuya. Wahalar tana farawa ne idan ana so labarin ya fito daga bakin mutanen gari, kuma ya koma gabansu.

Zariya ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Tun 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Turanci, a hannun Michael Etherton da ya zo daga Zambiya, da abokan aikinsa irin su Brian Crow da Salihu Bappa, daga baya kuma Oga Steve Abah. Dandalin da Steven Ehrlich ya zana musu a Samaru ginin ƙasa ne, ɗakuna kewaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Daga nan aka fita Wasan Manoma a ƙasar Soba a 1977, da Wasan Maska a 1979, da aikin Bomo. Da farko ɗalibai kan kai wa mutanen ƙauye wasan da suka riga suka gama. A hankali aka gane cewa wasan da aka ƙulla tare da mutane ya fi wanda aka kai musu tasiri, kuma a kan wannan darasi za ku ɗora naku shirin.

Ku fara da kalanda, domin uku za ku haɗa: ta jami'a, ta gona, da ta addini. Mako goma shi ne mafi ƙaranci. Da damina ba za ku sami kowa a gida ba, ruwa kuma zai tashi taronku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, an yi girbi, mutane sun ɗan sarara, sai dai a garuruwan da ke bakin kogin Galma masu noman rani suna fadama safe da yamma. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ba ya kyau da atisaye, amma idan ya faɗo cikin zaman, ku fitar da marubucin ya ga tashe bayan goma ga wata. Komai kuma ya ƙare saura mako uku a fara jarrabawa, in ba haka ba ɗalibanku za su zame ɗaya bayan ɗaya.

Wajen zaɓen marubuci, kunne ya fi suna. Dole ya ji Hausa har ya gane habaici idan an yi masa. Idan ba ya ji sosai, a haɗa shi da malami daga sashen harsuna wanda zai zauna da shi kullum, ba tafintan da ake kira idan an maƙale ba. A rubuta yarjejeniya: kwana nawa zai yi a gari, wa ke da haƙƙin wasan, me za a yi idan aka rufe makaranta ana tsakiyar aiki. A raba kuɗinsa kashi uku, ranar isowa, ranar da ya miƙa daftarin farko, da bayan komawa ƙauye ta ƙarshe. A kuma ƙayyade koyarwarsa, kada ta wuce awa huɗu a mako. Sashe in ya ga baƙo mai suna sai ya jibga masa lacca da duba kundin ɗalibai, a wayi gari mako shida sun wuce bai rubuta layi ɗaya ba.

Ɗalibai 12 zuwa 15 sun isa, aƙalla biyar mata. Dalilin a bayyane yake: gidaje da yawa ba a shiga, kuma rabin labarin gari yana bayan zaure. Ku ƙara malami ɗaya mai kula da mota da takardu, da ɗan gari ɗaya wanda ake jin maganarsa amma ba ya riƙe da tutar wata jam'iyya.

Gari ɗaya za ku zaɓa, wanda mota za ta kai cikin minti 30 daga Samaru, ko ta wajen Bomo ne, ko Shika, ko Basawa. Shigarsa tana da tsani. Takarda ta je ƙaramar hukuma da ofishin hakimi, sannan ku je wurin dagaci da ƙafarku, da goro, shi ya haɗa ku da masu unguwa da liman. Wanda ya tsallake liman zai ji sakamako ranar Juma'a. Abu biyu ne ke ɓata wannan ganawa. Na farko kalmar "wasa" ce, wadda wasu za su ɗauka rawa da kiɗa ne, ko ɗaukar fim. Na biyu motar jami'a ce: da an gan ta sai a zaci taki ko burtsatse aka kawo. Ku kashe wannan zato tun a zaure. Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo da kwangila ba, ba mu zo da rabo ba. Ɗalibai ne muka kawo su koyi zaman gari a wurin iyayensu. Abin da suka ji za su kwaikwaya a gabanku, inda suka yi kuskure a gyara musu." Wasu za su ja jiki da jin haka. Gara su ja yanzu da su ƙullace ku daga baya.

Mako biyu na farko na sauraro ne kawai, kuma nan ne aikin yake tashi ko ya faɗi. Ɗalibai su fita bibbiyu, ba takardar tambayoyi a hannu, domin mutum in ya ga ana cike takarda, amsar da yake zaton ana so zai bayar. Maza su zauna a majalisa da teburin mai shayi da bakin masallaci bayan La'asar. Mata su shiga gida, su kama aikin da suka tarar, ko tsince wake ne ko ɓarar gyaɗa. Kada a tambayi mutum matsalolin garinsu, zai lissafo ruwa, hanya, asibiti, kuma babu wasan da zai fito daga lissafi. A ce, "Baba, bara war haka yaya aka ƙare da tumatir?" Sai ya faɗi ranar da ya kai kwando goma kasuwa, da abin da dillali ya ce, da yadda ya shiga gida bai iya duban matarsa ba. Wannan labari ne, yana da mutum, yana da rana, yana da abin da aka rasa.

Tatsuniya kuwa da dare ake samunta, tsofaffi da yawa ba za su yi ta da rana ba. Don haka a nemi izini ɗalibai mata biyu ko uku su kwana a gidan da dagaci ya amince da shi, ko da dare biyu ne. A ɗauki murya da waya bayan an nemi yardar mai magana, a gaya mata inda muryar za ta je. Ku sani awa ɗaya ta magana tana cin awa biyar zuwa shida wajen rubutawa, saboda haka kada a tara abin da ba za a iya rubutawa ba. Kuma a rubuta da Hausar da aka faɗa. Ɗalibin da ya taƙaita maganar tsohuwa da Turanci a littafinsa ya zubar da abin da aka aike shi ɗebowa.

Kullum da dare a zauna awa ɗaya, kowa ya maimaita jimla uku da ya ji, kalma da kalma. Marubucin yana tara su. A ƙarshen mako na biyu a zaɓi batu guda: wanda ya fito daga bakin maza da mata duka, wanda mutanen gari ke da abin yi a kansa da hannunsu, kuma wanda ba zai haɗa gida biyu faɗa ba. Rikicin gona da ke gaban alƙali ko na sarauta, ku bar shi komai daɗinsa a dandali. Ku za ku koma Samaru, su za su ci gaba da haɗuwa a masallaci ɗaya.

Daga mako na uku zuwa na shida ake gina wasan, kuma a ƙafa ake farawa, ba a takarda ba. Ɗalibai tare da samarin gari huɗu ko biyar su gwada fitowa da ka, marubucin yana kallo yana rubuta abin da ya kama, washegari ya kawo shafi biyu ko uku a sake gwadawa. Tsawon wasan minti 35 zuwa 45, fitowa biyar zuwa bakwai, 'yan wasa kada su wuce takwas. Ƙirar tatsuniya tana sauƙaƙa komai. Mai ba da labari ya buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," taro ya amsa "Ta zo mu ji ta," shi ke nan an kama yara, manya ma sun san wace irin magana za a yi. Gajeriyar waƙa mai amshi tana raba fitowa da fitowa, ba sai an nemi labule ba. Halin Gizo kuma yana zama daidai a jikin dillali, amma a yi hattara: idan aka mai da shi mugu tsantsa, za a yi dariya a tashi, kowa yana ganin laifin mutum ɗaya ne. A nuna shi ma yana da mai mota da ke jiran kuɗi, da tumatir da ke ruɓewa a hannunsa.

Sai ɓad da sawu. Duk labarin da aka samo daga mutum guda, a canja abu uku aƙalla: suna, sana'a, da yawan iyali. A ƙauye gurguwar tafiya ko wata hula kaɗai ta isa a gane wanda ake nufi. Kafin a fita fili a nuna wa dattawa uku da mata uku a keɓe, a tambaye su, "Wa kuka gani a ciki?" In suka kama suna, a koma a gyara.

Ranar wasa lokaci ƙanƙane ne, daga sallar La'asar zuwa Magariba, da hunturu bai fi awa ɗaya da rabi ba idan an cire taruwa. A shata da'ira mai faɗin taku takwas zuwa goma, yara a tabarma a gaba, dattawa a benci rana tana bayansu, mata a gefen da suka zaɓa. Idan taron bai wuce mutum 200 ba, a bar lasifika, ƙarar janareto tana cinye fiye da abin da take ƙarawa. A koya wa ɗan wasa juyawa, kada ya ba ɓangare ɗaya baya fiye da jimla biyu. Kalangu yana tara jama'a nan da nan, amma sai an tambaya, wani garin tafi kawai za a yarda da shi. Matan da ba sa fita a yi musu nasu da hantsi a cikin babban gida, ɗalibai mata su ɗaura rawani su fito a maza. Ba baƙon abu ba ne, a wasan gauta ma mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa.

Kada a ƙarasa wasan. Wannan dabara ce da aka fi danganta ta da Augusto Boal na Brazil, kuma tana aiki sosai a nan. Manomi yana tsaye kan kwandunansa, rana ta take, dillali ya yi tayin da bai kai kuɗin mota ba. Mai ba da labari ya ɗaga hannu, komai ya tsaya, ya juya wurin benci ya ce, "Iyayenmu, ya sallama ko ya mai da kayansa gida?" Za a yi shiru. Ya jure shirun, ya ƙirga goma a zuci, kada ya cike shi da wa'azi. Wani zai ce a shanya, wani ya ce shanyayye ba ya kuɗi, wata daga baya ta ce da sun haɗa mota ɗaya su biyar. Sai a ce wa mai shawarar, "Bismillah, Malam, zo ka karɓi hular ka nuna mana." Ɗan wasan da ke dillali kuma kada ya saki da sauƙi, ya matsa kamar yadda na gaske zai matsa. Minti 20 zuwa 30 za a ware wa wannan, ɗalibai biyu suna rubuta duk shawarar da aka kawo da wanda ya ɗauki nauyinta.

Idan kun gayyato malaman gona daga cibiyoyin binciken noma da ke Samaru, ku zaunar da su cikin taro, a ba su magana a ƙarshe, minti biyar, kan abin da aka tambaye su kawai. Da an ba jami'i kujerar gaba da lasifika, taron ya zama nasa.

Mako na takwas da na tara a kawo wasan harabar jami'a, da samarin garin a cikinsa, a aika mota ta ɗauko dattawa da matan da suka ba da labari, a zaunar da su a sahun gaba. Marubucin ya yi amfani da ragowar kwanakin ya shigar da abin da taron ƙauye ya ƙara. A bangon rubutun a sa sunan garin idan sun yarda, a bar musu kwafe goma, a kuma naɗi wasan da murya a tura wayoyinsu, domin masu saurare sun fi masu karantawa yawa.

Mota da abinci ne za su cinye mafi yawan kasafin, ba kayan wasa ba. Duk da haka tun ranar farko a cire kashi ɗaya cikin biyar a ajiye don komawa bayan mako shida. A wannan komawa ba a yin wasa. Marubucin da malamin da ɗalibai uku su zauna a zauren dagaci da takardar shawarwarin nan, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wa ya ce zai nemo mai mota, an haɗa kayan ko ba a haɗa ba, me ya hana. Bayan wannan zama ne ake biyan marubucin kasonsa na uku.