Yadda Za Ka Yi Addu'a da Tuba Sa'ad da Gwiwa Ke Rawa

Ɗiyata tana da shekara bakwai a daren da ta tambaye ni, "Baba, za su zo nan?" Muna zaune a ƙasa, mun kashe fitila, ƙarar bindiga na tashi can nesa. Ta kan yi shiru har ka ce an gama, sai ta dawo. Na buɗe baki zan ce mata babu abin da zai faru, sai na ji ba zan iya yi mata alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Na ce ta miƙo hannunta mu yi addu'a. Na fi shekara ashirin ina addu'a a gaban jama'a, amma a daren nan harshena ya yi nauyi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ubangiji, muna jin tsoro." Na maimaita shi sau uku ko huɗu, ita kuma tana cewa amin.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, idan kana cikin irin wannan hali, daga nan nake so ka fara: ka faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke cikinka. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa tsoro abin kunya ne ga mai bi, don haka mukan zo gaban Allah da dakakkiyar murya alhali ciki ya ɗuri ruwa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye tsoron bayin Allah ba. A 2 Tarihi sura 20, da aka kawo wa sarki Yehoshafat labari cewa Mowabawa da Ammonawa sun haɗa runduna har sun iso En-gedi, abu na farko da aka rubuta a kansa shi ne ya ji tsoro. Bayan haka ne ya juya ga neman Ubangiji, ya sa a yi azumi a dukan Yahuza. Addu'arsa ta ƙare a aya ta 12 da amsa cewa ba su da ƙarfi, ba su san abin da za su yi ba, idanunsu dai suna kan Allah. Sarki ne fa, a gaban talakawansa, da matansu da ƙananan 'ya'yansu a tsaye suna ji. Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa almajiransa cewa ransa na cikin matsanancin baƙin ciki, ya kuma yi roƙo ɗaya har sau uku.

Kafin ka durƙusa, ka ajiye waya. Na lura cewa a kwanakin tashin hankali nakan yi awa biyu ina bin labarai da hotunan gawawwaki da saƙonnin murya da ba a san wanda ya fara turo su ba, sannan in ba addu'a minti uku. Zuciyar da aka cika da wannan ba ta iya natsuwa. Ka ware lokacin duba labari, ka nemi majiya ɗaya ko biyu da ka amince da su, ka ji abin da ya shafi lafiyar iyalinka, sannan ka kife wayar.

Labarin da ya fi tsinka maka zuciya kuwa, ka yi da shi abin da Hezekiya sarkin Yahuza ya yi. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya mamaye Yahuza. A rubutun da ya bari na kansa, ya yi alfaharin cin garuruwa masu garu 46, ya ce ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Da wasiƙar barazana ta iso, Ishaya 37:14 ta ce Hezekiya ya karanta ta, ya haura Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. Ni ma haka nake yi yanzu. Nakan ɗauki takarda in rubuta abin da nake tsoro da sunansa: kada a kashe 'ya'yana, kada a ƙone gidanmu, kada in mutu in bar su ba mai kula. Sai in ajiye takardar a kan Littafi Mai Tsarki in bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsoron da ba a kira sunansa ba yakan cika ɗaki kamar hayaƙi. Idan ka rubuta shi, sai ka ga layi huɗu ne ko biyar, kuma kowane layi yana da abin da za a roƙa a kansa.

Idan kalma ta ƙare maka, ka ari ta Zabura. Ka karanta da murya, ko da raɗa ne. Zabura 46 ta yi maganar duwatsu na faɗawa cikin teku da al'ummai na hargitsi, ta kuma kira Allah mafaka. Zabura 56 addu'ar Dawuda ce lokacin da Filistiyawa suka kama shi a Gat, kuma aya ta 3 gajeriya ce, yaro ma zai iya haddace ta: sa'ad da tsoro ya kama ni, gare ka zan dogara. Ita na koya wa ɗiyata washegari.

Sai maganar tuba. A nan zan daɗe, domin a nan ne muka fi yin kuskure.

Idan yaƙi ya ɓarke, ba a rasa mai tashi ya ce hukuncin Allah ne a kan waɗancan mutane saboda zunubinsu. Na taɓa jin an faɗi haka a gaban wata mata da ba ta yi mako biyu da binne mijinta ba. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba, ni kuma har yau ina baƙin cikin shirun da na yi a wurin. Yesu ya riga ya amsa wannan magana a Luka 13. An kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Ya tambaya ko sun fi sauran Galilawa zunubi ne, ya amsa da kansa cewa a'a. Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya sake cewa a'a. Sannan ya juya kan masu sauraro ya ce in ba su tuba ba, su ma za su hallaka. Wato bala'in da ya sami wani ba hujja ba ce ta auna zunubinsa. Kira ne gare ni da nake raye in gyara tsakanina da Allah tun da sauran numfashi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a lokacin yaƙi tudun nan yakan ƙara tsawo.

Kuskure na biyu shi ne mayar da tuba ciniki: "Ya Allah, in ka fitar da ni daga wannan, na daina kaza." Allah mai jinƙai ne, yakan ji har irin wannan kuka. Amma tubar da aka ɗaura a kan tsira takan kwance da zarar ƙura ta lafa. Ka tuba domin ka yi wa Allah laifi kuma kana so ka koma gida, ko gobe ta waye maka ko ba ta waye ba.

Ga yadda nake yi. Nakan zauna shiru in roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna mini abin da ke ɓoye, kamar yadda ƙarshen Zabura 139 ya roƙa. Abin da ya taso, nakan kira shi da sunansa. "Ka gafarta mana dukan zunubanmu" tana da sauƙin faɗa domin ba ta taɓa kowa. "Na yi wa matata ƙarya a kan kuɗin nan" ita ce mai ciwo, ita ce kuma mai warkarwa. Daga nan in karanta Zabura 51 a hankali, in rufe da alkawarin 1 Yahaya 1:9, cewa in muka furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake. Idan ka furta, ka karɓi gafarar. Kada ka koma kana tono abin da jinin Yesu ya riga ya rufe.

Akwai zunuban da tsoro da kansa ke haifarwa, su ne suka fi wuyar gani. A wancan lokaci na tura wani saƙo ga mutum sama da talatin ba tare da na tabbatar ba, daga baya ya bayyana ƙarya ne, kuma yana zargin wasu mutane da abin da ba su yi ba. Shaidar zur ke nan, ko da yatsa aka yi ta. Wata rana kuma na ji an kashe wasu daga ɗaya ɓangaren, sai na ji wani sanyi a raina. Ban san su ba. Ban san ko suna da hannu a komai ba. Suna da uwaye. Da na gane abin da zuciyata ta yi, na fi jin tsoronsa a kan bindigar da ke waje. Ka binciki kanka a kan waɗannan: jita-jita, murna da mutuwar wani, yi wa al'umma guda kuɗin goro saboda aikin wasu, rufe ƙofa ga maƙwabcin da ya zo neman mafaka.

Tuba tana da ƙafa. Zakka, a Luka 19, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka tuna ɗan'uwanka na da wani abu a kanka, ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Ni sai da na koma wa mutanen nan talatin ɗaya bayan ɗaya na ce saƙon da na turo ƙarya ne, su yafe mini. Akwai kuma ƙanena da muka yi shekara uku ba ma magana. Na kira shi da asuba, na ce, "Ƙanena, ni ne yayanka. Ban san abin da gobe za ta kawo ba, ka yafe mini." Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Yaya, ya yara?"

Idan za ka yi tuba a madadin jama'arka, ka dubi Daniyel sura 9. An kai shi Babila yana matashi, ba shi ya jawo faɗuwar Urushalima ba, amma duk addu'ar da "mu" ya yi ta: mun yi zunubi, mun tayar, ba mu saurara ba. Bai tsaya gefe yana nuna yatsa ba.

Yi wa magabta addu'a shi ne abin da ya fi mini wuya, kuma umarni ne a Matiyu 5:44. Kada ka jira sai zuciyarka ta so. Ka fara da abin da za ka iya faɗa da gaskiya: Allah ya tsayar da hannunsu, ya wargaza mugun shirinsu, ya juyo da zukatansu. Fushinka ma ka kai masa. Zabura cike take da kukan neman adalci, kuma wurin kai shi ke nan, domin Romawa 12:19 ta ce ramako na Ubangiji ne. Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan kisan akwai wani saurayi, Shawulu, wanda daga baya ya zama manzo Bulus. Ka haɗa da shugabanni, kamar yadda 1 Timoti 2 ta ce, har waɗanda ba ka ga amfaninsu ba.

Addu'a ba ta hana ɗaukar mataki. Nehemiya 4:9 ta ce masu sake gina garun Urushalima, da magabta suka tasam musu, sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Yusufu ya tashi cikin dare ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar. In an ce a bar wuri, ka tattara takardunka da magungunan gida ka fita. Babu rashin bangaskiya a cikin haka.

Kada kuma ka yi wa kowa alkawarin cewa mai addu'a ba ya mutuwa. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a sura ɗaya kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku yana ɗaure da sarƙa biyu. Dukansu manzanni ne. Abokan Daniyel uku sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allah na da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Na binne mutanen da suka fi ni addu'a. Begen da muke da shi yana kan tashin Yesu daga matattu, shi ya sa ba ya ƙarewa a bakin kabari.

Ka nemi abokan addu'a, ko mutum biyu ne, ku sa rana da lokaci, ku riƙe. A birnin Leipzig na Jamus ta Gabas, an fara addu'ar neman salama kowace Litinin a majami'ar Nikolai a 1982, kuma an yi shekaru 'yan tsiraru ne ke zuwa. A ranar 9 ga Oktoba 1989, ana fargabar jami'an tsaro za su buɗe wuta, mutum kusan 70,000 suka fito tituna bayan addu'a, da yawa riƙe da kyandir, ba a kuwa yi harbin ba. Wata guda bayan haka aka buɗe katangar Berlin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗannan Litinin ɗin na shekarun da kujeru suke kusan wayam.

A gidanmu ƙarfe takwas na dare muka tsayar. Muna karanta Zabura ɗaya, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tsoro da abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai, mu yi shiru na ɗan lokaci kowa ya furta nasa a zuci, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. Idan muka zo kan roƙon gafara yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, nakan sa mu dakata kaɗan kafin mu ci gaba. Wani dare ɗiyata ta ɗago kai a daidai wurin ta ce, "Baba, har da masu harbin?" Na ce har da su. Ta yi ɗan jim, ta rufe ido, muka ci gaba.