Yadda Ake Auna Amfanin Gwajin Sankarar Hanji Ga Jama'a

Fara da ƙidayar mace-mace, ba yawan waɗanda aka gano suna da ciwon ba. Kwatanta mutuwar sankarar hanji tsakanin duk waɗanda aka gayyata zuwa gwajin, har da masu ƙin zuwa, da waɗanda ba a gayyata ba. Haka aka yi a Nottingham ta Ingila, inda gwajin ɓoyayyen jini a bahaya duk shekara biyu ya rage mutuwar sankarar hanji da kashi 15 cikin 100.

Kada tsawon rayuwa bayan gano ciwon ya ruɗe ka. Gano shi da wuri kaɗai kan ƙara yawan shekarun a takarda, alhali ranar mutuwa tana nan inda take.

Fitowar jama'a ma abin dubawa ce. A binciken NordICC, wani babban bincike da aka yi a Turai aka wallafa a 2022, kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka gayyata ne kawai suka je aka leƙa hanjinsu da kyamara, shi ya sa tasirin bai kai yadda aka zata ba.

Ƙirga sankarar da ta ɓulla tsakanin gwaji biyu, da hujewar hanji ko zubar jini bayan leƙen. Haɗa bayanan da rajistar sankara, ka bi mutanen aƙalla shekara 10.