Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Sarƙar Babur Mai Roba da Marar Roba

Sarƙar babur, wadda bakanikai ke kira cen, iri biyu ce a kasuwa, kuma abin da ya raba su ƙaramin zoben roba ne. A sarƙa mai roba, masana'anta takan cusa giris a cikin kowace gaɓa, sannan ta toshe gefe da gefe da wannan zobe domin maiƙon ya zauna a ciki, yashi da ruwa kuma su tsaya a waje. Ita ce ake rubuta wa O-ring ko X-ring a jikin kwali, X-ring ɗin kuwa ta ɗan fi santsin juyawa. Marar roba ƙarfe ne kan ƙarfe, ba ta da maiƙo sai wanda mai babur ya zuba mata.

Kafin a kai ga wannan zaɓi, sai a duba lambar da aka buga a jikin tsohuwar sarƙar. Ƙananan babura irin na 'yan acaba yawanci 420 ko 428 suke ɗauka, manya kuma 520, 525 ko 530, kuma dole lambar ta dace da ta sifiroket, wato faifan nan mai haƙora. A lura cewa mai roba ta fi faɗi ko da lambar ɗaya ce, don haka a tabbata ba za ta riƙa gogar gidan sarƙa ba.

Daga nan sai mutum ya yi wa kansa adalci game da yadda yake kula da abin hawansa. Wanda yake da babur mai ƙarfin 100cc ko 125cc, gidan sarƙarsa a rufe ruf kamar yadda ya zo daga kamfani, kuma ba ya ƙyashin tsugunawa ya ɗiga man giya duk bayan kilomita 500 ko ƙasa da haka, marar roba ta ishe shi. Ta fi araha, ta fi rashin nauyi, kuma ba ta cinye ɗan ƙarfin da ƙaramin inji yake da shi. Matsalar ita ce da yawa sukan cire gidan sarƙar don ya fara ƙara, sannan su riƙa labta baƙin mai, wanda idan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya koma wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe. Nan da nan sarƙar take saki, a ja ta yau, gobe ta sake zubowa. Mai irin wannan hali, da mai babban babur, da mai doguwar tafiya a hanyar da ba kwalta, su ne kuɗin mai roba ba ya tashi a banza a wurinsu, domin takan daɗe ƙwarai fiye da 'yar'uwarta.

Sai dai ita ma tana da abubuwan da ba ta so. Fetur yana lalata robar, haka burushin waya da ruwan injin wankin mota mai ƙarfi, saboda haka a wanke ta da kananzir da burushi mai laushi, a kuma shafa mata mai kaɗan daga waje don kada tsatsa ta kama ta. Da zarar an ga zoben ya tsage ko ya faɗi, maiƙon wannan gaɓa ya tafi ke nan.

Kowacce aka saya, a canja ta tare da sifiroket na gaba da na baya, domin tsofaffin haƙoran da suka lanƙwashe suna cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. A bar mata sakin da littafin babur ɗin ya faɗa, wanda a ƙananan babura yakan kama santimita 2 zuwa 3, sannan a sa makullin haɗin, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe gaɓar da ta haɗa bakin sarƙar biyu, ta yadda rufaffen bakinsa zai fuskanci inda sarƙar take tafiya.