Yadda ake ziyartar fadar Sarkin Yogyakarta

Duk wanda ya isa birnin Yogyakarta a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, ya kamata ya ware safiya guda domin fadar da ake kira Kraton, wadda Sultan Hamengkubuwono na Ɗaya ya fara ginawa a 1755. Ka yi sammako, domin ana rufe ta da rana tsaka, kuma daga titin Malioboro, sanannen titin kasuwanci na birnin, keke mai ƙafa uku zai kai ka cikin 'yan mintuna.

Ka sani cewa sarki mai ci, Sultan Hamengkubuwono na Goma, yana zaune a ciki har yau, saboda haka ka sa tufafi na mutunci, ka cire hular rana, kada kuma ka taka inda aka killace. Za ka ga fadawa, galibinsu dattawa, ba takalmi a ƙafarsu, sun ɗaura zanen batik, suna zaune a ƙasa cikin natsuwa. Ka nemi izininsu kafin ka ɗauki hoto. A ganina, abin da ya fi cancantar ka zauna dominsa shi ne kiɗan gamelan na kayan tagulla, wanda ake yi a buɗaɗɗen zaure da hantsi.

Idan azahar ta yi, Masallacin Gedhe Kauman, wanda aka gina a 1773, yana yamma da dandalin arewacin fadar.