Kafin Ki Ɗauki Cikin Wasu: Abubuwan Da Za Ki Fara Dubawa

Na yi shekaru ina aikin jinya a wani asibitin dashen ciki a Abuja, kuma matan da na ga sun fita da kuka ba allura ce ta sa su kuka ba. Takardar da suka sa wa hannu ce. Shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Mataki na farko, ki tambayi malaminki kafin ki tambayi likita. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, babban birnin Jordan, a 1986 ta ce aron mahaifa, wato a dasa wa mace ɗan tayin wasu ma'aurata ta haifa musu, bai halatta ba. Majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa sassautawa a 1984 idan kishiya ce za ta ɗauki cikin, amma a 1985 ta janye. Malamai suna kafa hujja da aya ta 2 a Suratul Mujadala, wadda ta nuna uwa ita ce wadda ta haifa. A Iran ana yi. Ki san matsayinki tun yanzu, kada sai ciki ya kai wata biyar zuciyarki ta fara ɗar-ɗar. Idan kina da miji, sai da saninsa da sa hannunsa.

Na biyu, jikinki. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce mai ɗaukar ciki ta kasance tsakanin shekara 21 zuwa 45, ta taɓa haihuwa lafiya aƙalla sau ɗaya, haihuwarta ba ta wuce biyar ba, tiyata ba ta wuce uku ba. Ni dai wadda aka yi wa tiyata sau biyu ma ina ce mata ta haƙura. Idan kin taɓa jijjiga ko zubar jini bayan haihuwa, kada ki ɓoye don a ɗauke ki. Kuma kada ki yarda a yi amfani da ƙwanki. A dasa ɗan tayin ma'auratan, ke mahaifa kawai kika bayar.

Na uku, yarjejeniya. Nan ne gizo ke saƙa. Nijeriya ba ta da dokar tarayya da ta tsara wannan harka, don haka abin da ke kan takarda shi ne gatanki. A Afirka ta Kudu sai babbar kotu ta amince da yarjejeniyar kafin a yi dashe. A Ingila macen da ta haihu ita ce uwa a idon doka har sai kotu ta mayar da haƙƙin ga ma'auratan, kuma ba a karɓar amincewarta sai bayan mako shida da haihuwa. Ke ba ki da wannan kariya.

Wata ta zo mana ta hannun dillaliya, aka yi mata alkawarin kuɗinta duka ranar sallama. Ta sha allurai, ciki ya kama, a wata na uku ta yi ɓari. Aka yi mata wankin ciki, ta zauna a benci da ledar kayanta tana kiran dillaliya, waya a kashe. Ko kuɗin mota mu muka haɗa mata, domin takardar ba ta ce komai a kan ɓari ba.

Don haka ki nemi lauyanki na kanki, ba lauyan asibiti ko na ma'aurata ba, kuma su za su biya shi. Idan suka ce tsada, to kin ga alama. A karanta miki da Hausa, layi-layi. A rubuta cewa biya wata-wata ne, a rubuta nawa za ki samu idan dashe bai kama ba, idan an yi ɓari, idan an yi tiyata, idan an cire mahaifa. Wa zai biya asibiti idan ciwo ya biyo ki har bayan arba'in? Wa zai karɓi jaririn idan ya zo bakwaini ko da nakasa, ko ma'auratan suka rabu kafin haihuwa? Ɗan tayi nawa za a dasa? Ki ce ɗaya. Za su so biyu don kada su sake biyan kuɗin dashe, amma tagwaye na ƙara haɗarin hawan jini da haihuwa kafin lokaci, kuma jikinki ne zai ɗauka. Idan an ce za a ajiye ki a wani gida, a rubuta cewa wayarki na hannunki kuma 'ya'yanki za su riƙa zuwa.

Sauran ba wuya. Gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta, gare ki da mijinki. Magungunan shirya mahaifa na 'yan makonni, sai dashe, sai gwajin ciki bayan kamar kwana goma, sai a ci gaba da magani har wajen mako 10 zuwa 12. Allurar ɗuwawu tana sa ƙullutu, ki riƙa gasawa da ruwan ɗumi.

Ki tanadi abin da za ki faɗa wa maƙwabta da suka ga ciki ba su ga suna ba, ki kuma nemi wadda za ta zauna da ke lokacin jego. Nono zai kawo a kwana na uku ko akwai jariri ko babu, don haka ki tambayi likita maganin tsayar da shi tun kafin a sallame ki.