Mazauna birnin Denver na Amurka: kafin ku ajiye kayan sanyi, ku duba iska

Jama'a, in kuna son sanin ko dusar ƙanƙara za ta sauka a Afrilu ko Mayu, kar ku tsaya kan ma'aunin zafi kaɗai.
Ku duba daga ina iska take busowa.

In daga gabas ce ko arewa maso gabas, ku shirya.
Tana ɗauko danshi ta hau duwatsun Rocky da ke yammacin gari, tana hawa tana sanyi, sai ta zubar da shi a kan gari.
Shi ya sa Maris ya fi kowane wata dusar ƙanƙara a Denver.

Ko ma'auni ya nuna digiri 3 na Celsius sama da sifili, kar ku saki jiki.
In iskar ƙasa busasshiya ce, ruwan da ya fara sauka zai sanyaya ta, ya koma dusar ƙanƙara mai nauyi.
Irin wannan ce ke karya rassan da suka yi ganye, ta yanke wuta.
Ku karkaɗe ƙananan bishiyoyi da tsintsiya tun ba ta taru ba.
Dashen tumatir kuwa, a bari sai tsakiyar Mayu.

Dabarar ba ta aiki in iskar gabas ba danshi, ko ta juya ta koma ta yamma, don mai gangarowa daga dutse busar da hadari take yi.