Yadda Ake Gane Rukunin Kowane Karin Sinanci

Rubutu ba ya raba gardama a nan, domin mutumin Beijing da na Guangzhou alama ɗaya suke karantawa, kowa da furucinsa. Sai an saurari bakin mai magana. A samu ɗan gari, dattijo ya fi, a ɗauki muryarsa yana faɗin lambobi, sassan jiki da wakilan suna.

Yawancin masana sun daɗe suna kasa Sinanci gida 7: Mandarin, Wu, Gan, Xiang, Hakka, Yue da Min. Taswirar harsunan Sin ta 1987 ta ƙara Jin, Hui da Pinghua, suka zama 10. Ma'aunin da ake gwada su da shi shi ne tsohon furucin da ƙamus ɗin Qieyun na shekarar 601 ya adana.

A fara da ƙarshen gaɓa. Tsohon Sinanci yana da gaɓoɓin da ke ƙarewa da p, t, k. Yue da Hakka sun riƙe su: a Guangzhou "goma" sap ce, "shida" luk, a Mandarin na Beijing kuwa ana furta su "shi" da "liu". Idan hamza aka ji a gurbinsu, zato ya koma kan Wu ko Jin na lardin Shanxi. Amma karin Nanjing ma yana da hamzar, kuma cikin Mandarin ake lissafa shi.

Gwaji na biyu ya fi ƙarfi, wato makomar baƙaƙe masu ziza (masu sa maƙogwaro karkarwa) kamar b, d, g a farkon kalma. A gwada "kai" (na jiki) da "wake", waɗanda a tsohon Sinanci dukansu da d suke farawa. Shanghai da Suzhou sun bar d ɗin yadda yake, alamar Wu ke nan. A Gan da Hakka duka biyun sun koma t mai huci, wato wadda iska ke biyo bayanta. Mandarin ya raba su bisa karin sauti: "kai" tou ne mai huci, "wake" dou ne marar huci.

Ƙidayar karin sauti tana ba da haske kaɗan kawai: Beijing 4, Shanghai 5, Guangzhou 6, ko 9 idan an ware gaɓoɓi masu p, t, k.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne a miƙa wa mutum takarda ya karanta. Kalma ɗaya kan sami furucin karatu da na hira, musamman a Min, kuma na karatun aro ne daga arewa. Na hira ake nema.

Min ba ya bin waɗannan ƙa'idoji sau da ƙafa, don ana ganin ya rabu tun kafin zamanin Qieyun. Shi ya sa a karin Min na birnin Xiamen "shayi" te ne, ba cha ba kamar a Mandarin. Kada kuma a ɗauka zama rukuni ɗaya na nufin fahimtar juna. Fuzhou da Xiamen duk Min ne, duk a lardin Fujian, amma mutanensu ba sa jin maganar juna.